Kujerar Rifkatu

Duk wanda ya zauna a Haɗeja farkon shekarun casa'in ya san Malam Ishaku malamin gona, wanda bai san sunansa ba kuwa ya san igiyarsa. Wata farar igiya ce ta rama mai ƙulli a kowane baki, kullum tana naɗe a aljihun rigarsa. Da ya hangi babbar mota irin jif ta tsaya, ko a bakin kasuwar kifi ko a gidan mai, sai ka ga ya matsa, ya gaida direba da ladabi, ya roƙi a buɗe masa ƙofar baya. Ya warware igiyar, ya ja ta daga bayan kujerar gaba zuwa bakin ƙofa, ya naɗe abarsa, ya yi godiya ya wuce. Direbobi har suna suka sa masa, wai Mai Awo. Suna cewa bawan Allah jif yake so aljihu ya hana, shi ya sa yake rage zafi da aunawa. Kayya, ba su san tsawon akwatin gawar matarsa yake yawo da shi ba.

Ishaku mutumin kudancin Kaduna ne, daga wani ƙauye a gindin duwatsu bayan Zonkwa. Aiki ne ya kawo shi a tamanin da uku, yana zagaya manoman shinkafa na fadamar Auyo yana nuna musu sabon iri da taki. Ya zo da matarsa Rifkatu, malamar firamare, doguwar mace sambal, wadda in ta shiga coci sai ka hango ɗankwalinta sama da na kowa. Ga dariya, ga baki. Shi kuwa gajere ne mai yawan lissafin gobe, irin mutanen da ba sa ƙin abu kai tsaye, sai dai su ce bari a ɗan jira.

Shekara biyu da zuwansu suka tashi sayen mota, motoci biyu kuma suka faɗo a lokaci guda. Ɗaya tsohuwar Landrova ce da aka sa a gwanjo. Ɗayar kuma 'yar ƙaramar Sitalet ce ja, mai ƙofa biyu da ta uku a baya wadda ake ɗagawa sama. Suka je suka shiga kowacce. Rifkatu ta hau Landrovar ta miƙe ƙafa har ƙarshe, ta ce ita dai ta ga mota: ga tsayi, ga wurin buhunan shinkafa, ga shi in sun tashi tafiya gida Kirsimeti ba sai an bar kowa ko komai ba. Ishaku ya ce kujerunta kamar bencin coci suke, in ta hau gargada sai haƙoran mutum sun haɗu, ga shan mai kamar ba gobe. Ita kuwa Sitalet kujerunta da laushi, rufinta ba ya yoyo, kuma galan guda ya kai shi Auyo ya dawo. Rifkatu ta shiga Sitalet ɗin, gwiwoyinta suka daki ɗan akwatin ajiye takardu da ke gaban kujerar, ƙwas! Ta ja ƙarfen da ke ƙarƙashi don ta tura kujerar baya, ashe tsatsa ta riƙe shi. Ishaku ya ce wannan ai aikin minti biyar ne, gobe zai sa masa mai. Suka sayi Sitalet.

Goben nan ba ta zo ba har shekara uku. Duk ramin da suka faɗa, sai gwiwarta ta daki akwatin, ita kuma ta harare shi ta ce, "Maigida, an gaishe ka." Shi ya yi dariya ya ce gobe.

A damina ta tamanin da takwas, shekarar da ruwa ya yi ɓarna, zazzaɓi ya kama Rifkatu. Kwana uku kacal. Ran na ukun ya sa ta a mota zai kai ta asibiti, tana zaune a kujerarta a lanƙwashe, kanta a jikin gilashi. Da suka zo mararrabar da hanyar Kano ta rabu, sai ta buɗe ido ta dubi hanyar.

"In abin ya zo, ka kai ni gida," ta ce. "Kusa da Mama. Kada ka bar ni a cikin ruwan nan."

Ya ce ta daina irin wannan magana. Ta ce ya dai amsa. Ya amsa. Kafin la'asar ta cika.

To, a wurinsu ba a kai 'yar mutane gida sai a cikin akwati, kafintan da ke yi wa 'yan coci wannan aiki kuwa ya yi tafiya. Wanda aka samu shi ne Sa'idu, masassaƙin kwale-kwale na bakin kogi, mutumin kirki wanda Rifkatu ta koyar da 'ya'yansa. Bai taɓa yin akwatin gawa ba, bai ma taɓa ganin cikinsa ba. Sai ya yi abin da hannunsa ya sani. Ya ɗauko katakon maɗaci mai kauri, wanda ya ajiye don jirgi, ya ƙara tsawo gaba da baya don kada Malama ta takura, ya bi kowace tsaga da tsumma da kwalta ya liƙe. Da aka ce masa ai ƙasa za shi ba ruwa ba, ya ce shi dai bai iya barin kafa a jikin katako ba. Ƙato shida ne suka ɗauko shi suna nishi.

Aka ɗaga ƙofar bayan Sitalet, aka kwantar da kujeru, aka tura akwatin har ya daki gaba. Kusan rabinsa na waje, bayan motar kuma ya zauna daram a kan taya. Aka juya shi, aka karkata, aka sake. Ina! Manyan motocin gari duk suna can suna kwaso mutanen ƙauyukan da ruwa ya ci, direbobin tasha kuma kowa ya ji gawa ce da nisan tafiya sai ya kawo uzuri. Ga zafi, ga lokaci yana tafiya. Sa'idu ya ja Ishaku gefe ya ce masa a hankali, me zai hana a naɗe Malama da kyau a zaunar da ita a kujerarta, in an isa can a yi mata akwati.

Ishaku ya dubi kujerar, ya dubi ɗan akwatin da gwiwarta ta goge wa fenti. Ya ce a'a. Shekara uku yana lanƙwasa mata ƙafa, ba zai lanƙwasa ta a tafiyarta ta ƙarshe ba, kuma ba zai shiga gidan surukinsa da ita a zaune kamar fasinja ba. Zai samo babbar mota, ya kai ta a miƙe, da mutunci. Aka binne ta a maƙabartar 'yan coci da ke gefen fadama, wai kafin ruwa ya janye. Kafin a rufe ƙasa ya yanki igiya daidai tsawon akwatin ya sa a aljihu.

Ruwa ya janye. Ya dawo, ya sake janyewa, har sau biyar. Gaskiya dai a faɗe ta, ko da Ishaku mutumin kirki ne: da ya so, da tuni ya yi hayar a-kori-kura ya cika alkawari. Tsoro ne ya riƙe shi. Yana tsoron tona kabarin, yana tsoron idon Baba Yohanna mahaifin Rifkatu, wanda ya aiko wasiƙa sau biyu yana tambayar yaushe, daga nan bai ƙara aikowa ba. Sai ya ɓuya a bayan igiyar. Wannan jif ta gaza da taƙi ɗaya, waccan ƙofarta ta yi ƙunci, waccan kuma mai ita ba zai yarda ba. Muddin yana awo, yana iya ce wa kansa ai yana kan hanya.

Amma motar ba ta bar shi ya huta ba. Wata guda bayan rasuwar, da rana tsaka, yana dawowa daga Auyo shi kaɗai, ya faɗa wani rami sai ya ji ƙwas a jikin ɗan akwatin nan. Ya ce ko sifana ce a ciki. Ya kwashe komai, ƙarar ba ta daina ba. Bakari makanike ya kwance akwatin gaba ɗaya, ya ɗaure kowane noti, ya ce in ya ƙara jin wani abu to kunnensa ne. Kafin ya kai gida ya ji sau biyu. Inda abin ya fi tsanani kuwa shi ne mararrabar Kano. Wurin shimfiɗe yake da kwalta, ba rami ba tudu, amma duk ranar da ya zo ya wuce bai karya kan mota ya hau hanyar ba, sai ya ji ƙwas, ƙwas, a hankali, kamar mai tuni ba mai faɗa ba. Tun yana salati irin nasu yana kiran sunan Yesu, har ya koma amsawa ƙasa-ƙasa, ya ce ya ji, gobe. Bai ƙara barin kowa ya zauna a kujerar ba. In ya rage wa mutum hanya sai ya ce ya shiga baya, kujerar gaba ta lalace.

A casa'in da huɗu Alhaji Umara, babban dillalin shinkafa, ya sayo sabuwar Fajero doguwa. Direbansa Bunu tsohon abokin Ishaku ne, tare suke cin gasasshen kifi a bakin kasuwa. Bunu ya ce yau dai Mai Awo zai ga mota, ya ɗauke shi suka zaga har bayan gari. Ishaku ya zauna a gaba, ya ji kansa a sama yana kallon rufin ƙananan motoci. Ga sanyin iyakwandishan, ga kujera mai karɓar bayan mutum, suka bi gargadar da ke sa Sitalet rawar sanyi amma ko ruwan da ke cikin kofi bai zube ba. Ya miƙe gajerun ƙafafunsa bai taɓo komai ba, ya ga saura fili da yawa. Da suka tsaya aka naɗe kujerun baya, ya ja igiyar. Ta shiga, har da rarar yatsa biyu.

Ya daɗe a sunkuye. Bunu ya tambaye shi wai shin igiyar nan ta mece ce. A nan ya faɗa masa komai. Tona kabari ba ƙaramin abu ba ne a wurin Bunu, amma ya ce alkawarin mamaci ya fi ƙarfin ƙyama. Ya kai maganar gaban Alhaji, shi kuma ya ce a ɗauki motar duk ranar da aka shirya, Allah Ya ji ƙan Malama da irin nata. Wannan a watan Yuli ne. Ishaku ya yi godiya har da hawaye, sannan, kai jama'a, ya ce bari dai damina ta wuce ƙasa ta tsane.

Ran sha biyu ga Satumba da hantsi, Maryamu shugabar zumuntar mata ta shigo ofishinsa ba ko sallama, zanenta jiƙe har gwiwa. Ta ce kogi ya karya jinga, ya ci gefen maƙabarta, ya zo ya gani. Suka je. Inda kabarin yake sai wani wawakeken rami cike da jan ruwa, gicciyen katakon yana kwance a cikin laka. Sauran kaburburan da ruwa ya taɓa sun rufta ne kawai, na Rifkatu kuwa babu komai a ciki. Sa'idu, wanda yanzu furfura ta cika masa gemu, yana tsaye a bakin wurin yana murza hularsa.

"Malam, ka yafe ni," ya ce. "Aikina ba ya nutsewa."

Ishaku ya dubi ruwan. Ganye da kara da wani mataccen ɗan akuya suna wucewa, duk sun nufi gabas. Gida kuwa yana can kudu maso yamma. Rifkatu ta gaji da jiransa ta kama hanya, kogin kuma yana tafiya da ita inda ba ta da kowa. Sai ya zauna a cikin laka da wandon aikinsa.

Bunu ya kawo Fajero. Suka bi jinga da hanyoyin shanu suna tambayar masunta, ƙauye bayan ƙauye. A ranar ne motar ta nuna abin da aka saye ta dominsa: ta ratsa ruwan da ya kai ƙugu, ta fita daga taɓon da zai haɗiye Sitalet har rufi. Ishaku yana zaune cikin sanyi da laushi, yana jin kunyar daɗin da jikinsa ke ji. Ran farko ba su samu komai ba. Washegari wani masunci ya aiko cewa can wajen Baturiya sun ga wani jirgi mai murfi ya maƙale a cikin kachala, ciyawar nan mai tsawo da ke toshe hanyar ruwa, kuma ba wanda ya yarda ya matsa kusa.

Suka tafi da fasto da Maryamu da Sa'idu. Inda mota ta ƙare suka shiga kwale-kwale, Sa'idu na tura shi da gora. Rana na tsakiya, ruwan ya kwanta lumui, tsuntsaye fari fat a kan ciyawa, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga gorar. Can suka hango shi, baƙi wuluk, ya nutse rabi, yana ɗan juyawa. Wata balbela na tsaye a kan murfin. Yana taɓa wani kututture a hankali, ƙwas, ƙwas. Ishaku ya rufe fuska da tafin hannu.

Suka jawo shi gaɓa. Da aka zo ɗagawa sai gindin ya fara buɗewa, shekara shida a cikin damshi ta cinye ƙusoshin. Fasto ya ce ba zai kai ko bakin mota a haka ba. Maryamu ta koma cikin kwale-kwalen ta ɗauko wani ƙaramin akwatin ƙarfe, irin na 'yan makarantar kwana, da sabon zanen zumunta. Ashe tun daga gida ta zo da su, don ita ta san abin da shekara shida ke yi wa mutum. Ta ce maza su juya baya. Tana aikin tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Da ta gama ta miƙa wa Ishaku akwatin. Ya shirya hannu zai karɓi nauyi, sai ya ji kamar kwandon wanki. Doguwar macen nan duka, ga ta a tsakanin hannuwansa biyu.

Aka sa akwatin a bayan Fajero, a tsakiyar filin da ya shekara shida yana nema. Ya zauna can shi kaɗai kamar ƙwarya a tsakar gida. Da motar ta hau jinga sai ya zame ya daki gefe, aka karya kwana ya zame ya daki ɗaya gefen. Suka tokare shi da buhu, ya ture buhun. Ishaku ya koma baya ya rungume shi a cinya har Haɗeja. Bunu ya ce Alhaji ya cika tanki, gobe da sassafe sai Zonkwa. Ishaku ya ce ya gode, Allah Ya saka wa Alhaji, amma a sauke su a gida.

Da safe ya fito da gwangwanin man keken ɗinkin Rifkatu da guduma. Ya durƙusa a gefen Sitalet, ya ɗiga man a kan ƙarfen da ke ƙarƙashin kujerar, ya ɗan bubbuga, ya ja. Kujerar ta zame baya sumul, taƙi guda cur. Ko minti biyar ɗin bai cika ba. Ya tsaya a durƙushe yana kallon filin da ya buɗe a gabanta, ya yi kukan da bai yi ba ranar binnewa, har maƙwabta suka leƙo suka koma. Sannan ya shimfiɗa zane, ya ɗora akwatin a kan kujerar, ya ɗaure shi da igiyar awon don kada ya motsa. Ta zagaya sau biyu har da saura.

Da ya zo mararraba ya karya kan mota ya hau hanyar Kano. Ya kasa kunne. Shiru. Ya wuce Kano, ya wuce Zariya, ya faɗa ramukan hanyar Kachiya ɗaya bayan ɗaya, motar na jijjiga, bayansa na ciwo, zafin inji na dukan ƙafarsa, amma ɗan akwatin takardun nan bai ce uffan ba. Shekara shida yana roƙon Allah ƙarar nan ta daina, yau da ta daina sai ya ji motar ta yi masa girma. Wajen Kachiya ya kama kansa yana neman rami da gangan.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya shiga ƙauyen. Yara suka ruga suka kai labari. Baba Yohanna ya fito yana dogara sanda, ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun yi fari. Ishaku ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, ya ce ya kawo ta. Tsohon ya miƙa hannu ya taɓo motar, ya bi ta da tafinsa daga fitilar gaba, ya shafa ƙofa, ya shafa rufin da bai kai masa ƙirji ba, taku huɗu ya kai ƙarshenta. Ya dawo ya zura hannu ta taga, ya lalubo akwatin a kan kujera, ya bar hannun a kai.

"Wannan ce motar da aka ce mini ta yi mata kaɗan?" ya tambaya.

"Ita ce, Baba."

"Tun wancan lokacin ita ce?"

"Ita ce."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. Babu faɗa a muryarsa, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi.

"Ashe tana shiga," ya ce.

Ishaku ya buɗe baki zai yi bayanin maɗaci da kwalta da tsawon akwati, sai ya ga babu wanda zai yi wa. Ya tashi ya buɗe ƙofar, ya sunkuya yana kwance ƙullin igiyar. A bayan gidan, gindin wata ɗorawa, mata sun riga sun fara share wurin da aka bari kusa da Mama, wanda ciyawa ta rufe sau shida ana nomewa.